Ranar da Ka Ƙi Kwance Zabira

Zuwa ga mahaifina, Baba Wanzam na Sandamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, akwai wata godiya da nauyin baki ya hana ni yi maka kana raye.

Ka tuna shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, ina da cikin fari wata shida, wani tsiro ya fito mini a dasashi? Ja wur, kamar ƙwayar gyaɗa. Asuwaki na taɓa shi sai jini. Na daina dariya cikin mutane. Mata suna ta raɗa wai daji ne, ni kuwa na sa a raina ba zan rayu in goyi abin da ke cikina ba.

Surukata ta aika aka kira ka. To, wa za a kira? Rabin yaran garin kai ka cire musu beli. Ka zo da zabirarka, ka juya ni wajen hasken rana, ka ɗaga leɓena ka daɗe kana kallo. Sai ka mayar da zabirar kafaɗa, ko kwance ta ba ka yi ba. Ka ce, "Askata ba ta san wannan ba."

Wallahi na ji haushinka, Baba. Gari ya ɗauka wai wanzami guda ya ji tsoron jinin 'yarsa. Kai kuwa ka sa ni a mota sai asibiti a Daura.

Likitar haƙori ta duba, ta wanke mini haƙora, ta ce ciki kan jawo irinsa, a jira in haihu. Na haihu, ya ragu amma bai tafi ba. Muka koma, ta yi mini allurar kashe zafi, ta cire shi har tushe, ta sa a 'yar kwalba ta aika Kano a gwada. Kai kuwa sai leƙen kayan aikinta kake yi kamar mai shirin saye.

Bayan sati uku sakamako ya zo: ba daji ba ne. Na fashe da kuka. A hanyar gida ka ce, "Da ni na yanke, da na binne shi a bayan ɗaki. Ke kuma ki ƙare rayuwarki kina taɓa wurin da harshe, kina jiran ya dawo."

Ka yarda aka yi maka dariya don in samu kwanciyar hankali. Ban taɓa ganin gwani irinka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarka,
Indo