Ya Zara Tana Jerin Masu Jira

Pantami, Gombe

Yaya Abatcha,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Suwaibatu da yara. Ya Maiduguri, ya haƙuri? Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Albishirinka, na samu aiki a ɗakin biki na Madam Ndidi. Tun bam ɗin tasha ba a shiga biki kara zube, sai ta sayo wata manhaja a kwamfuta, ta ɗora ni a kai. Kar ka yi dariya, ƙanwarka ta zama 'yar boko! Wanda aka gayyata sai in yi masa "rijista", manhajar ta fitar masa da kati mai ɗigo-ɗigo. A ƙofa in haska katin da na'ura: kore ya shiga, ja ya koma. Akwai "iyaka", wato yawan kujerun ɗakin. In ta cika, sauran su faɗa "jerin masu jira", sai wani ya "soke" zuwansa a ɗauko na gaba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ka tuna Ya Zara, tsohuwar da ta riƙe hannuna muka fito daga Bama? Gidan da suka ba ta ɗaki a Bagadaza za su aurar da 'yarsu Bilkisu, a wurinmu za a yi. Uwar amarya ta gayyace ta da baki, har da alawa, amma ta manta da ita a sunayen da ta aiko. Da na lura, iyaka ta riga ta cika. Na sa ta a masu jira. Na roƙi Madam, ta ce jami'an tsaro sun gargaɗe ta, ko mutum ɗaya kada ta ƙara. Ban ga laifinta ba, ita ma bam ɗin ya ci ƙaninta.

Ita kuwa Ya Zara tun da aka sa rana take haɗa wa amarya humra. Wallahi bakina ya kasa gaya mata. Ka taya ni addu'a wani ya soke.

Taka,
Sadiƙa

Pantami, Gombe

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ni jikina lafiya, zuciyar ce dai.

Babu wanda ya soke. Ranar biki ina ƙofa sai ga Ya Zara cikin dogon hijabinta, ta sha lalle, tana ta murmushi. Mai gadi ya tambaye ta kati. Ta sa hannu cikin hijabi za ta ciro kwalbar humrar, don ya ga ita ta gida ce. Kafin ta fito da ita wani ya kurma ihu, wai bam ne. Yaya, layin nan kaf ya watse, mata suna faɗuwa, takalma ko'ina. Aka bar ta tsaye ita kaɗai, bindiga a kanta, kwalba a hannu.

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na cire katina na ma'aikata na rataya mata, na haska, ya nuna kore, na ja ta ciki. Madam ta gani, ta kau da kai. Ya Zara ta miƙa wa Bilkisu humrar, ta sa mata albarka, ta mayar mini da katina, ta juya. Ko ruwa ba ta sha ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗakin nan kusan rabinsa wayam. Tsoro ya hana mutane zuwa, kuma ba su soke ba. Su manhajar ke kira "ba su zo ba". Kujerunsu suna nan a ajiye da sunayensu har aka tashi.

Tun ranar Ya Zara ba ta leƙa ko zaure ba. Ta ce in roƙe ka ka nema mata wuri a sansanin 'yan gudun hijira nan wurinku, gara tanti a inda aka san fuskarta. Don Allah ka yi ƙoƙari, in na ce ta zauna ma ba za ta ji ba.

Jiya na je rufe bikin a kwamfuta. Har yanzu sunanta ne na farko a masu jira. Na zauna ina kallonsa, katin wuyana yana ta ƙamshin humra.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Sadiƙa