’Yata Ta Rasu, Sunanta Yana Ta Rubutu

Inna Veselina, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ban yi karatu mai zurfi ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

’Yata Denitsa ta rasu bara da kaka. Ita kaɗai gare ni. Tana aiki a ɗan gidan tarihin garinmu, nan cikin duwatsun Rodopi. Ita ce ma ta buɗe musu wiki, shafin nan na intanet da kowa zai shiga ya rubuta abin da ya sani game da kayan da aka ajiye. Akwai wani jan bargo na gashin tumaki da muka ba su. A ƙarƙashin hotonsa ta rubuta cewa kakarta ce ta saƙa shi, kuma har yau yana ƙamshin hayaƙin murhunmu. Yadda take magana haka ta rubuta. In na karanta sai in ji muryarta.

Kwanaki maƙwabciyata Stoyka, wadda muka tashi tare, ta shiga ta share rubutun, ta rubuta cewa uwarta ce ta saƙa, aka kawo gidanmu gudunmawar biki. Gaskiyarta ce, Inna, na sani. Amma da na buɗe na ga babu maganar yarinyata, sai na ji kamar an sake binne ta. Kwamfutar Denitsa tana nan a buɗe da sunanta, sai na mayar da rubutun. Stoyka ta gyara, na sake mayarwa. Ashe shafin yana nuna sunan wanda ya taɓa shi. Gari ya ɗauka wai Denitsa tana rubutu daga kabari. Mijinta ya gani a wurin aiki, an ce sai da aka riƙe shi. Stoyka ta tare ni a shagon burodi ta ce in bar baiwar Allah ta huta, ni kuma na ce mata ɓarauniyar bargo, a gaban mutane.

Yanzu shugabar gidan tarihin ta aiko cewa ranar Litinin za ta rufe sunan Denitsa a shafin. Ga sadakar shekara ta matso, kuma tun ranar jana’iza Stoyka ce ke dafa mini alkamar da muke rabawa a kabari. In na bari, an share ’yata. In na ƙi, da wa zan tsaya a kabarin?

Uwar marigayiya

’Yar’uwa, Allah ya jiƙan Denitsa, ya sanyaya zuciyarki.

Daga yau kada ki ƙara rubutu da sunanta. Ki kira surukinki ki gaya masa ke ce. Shi ma makoki yake yi.

Sannan ki kwantar da hankalinki, ba a share ta ba. Irin wannan shafi yana ajiye duk tsohon rubutu da sunan mai shi. Kada ki jira Litinin. Ki je wurin shugabar da ƙafarki, ki roƙe ta ta buga miki rubutun farko a takarda, ta buɗe miki naki sunan, sannan ta rufe na Denitsa kina tsaye.

Stoyka ba ta kyauta ba. Katanga ɗaya ce tsakaninku, kamata ya yi ta leƙo ta gaya miki kafin ta taɓa. Amma ita ma uwarta take karewa, kamar yadda kike kare ’yarki. Kuma ki tuna, don irin su Stoyka su zo su gyara Denitsa ta buɗe shafin. Da tana raye, da kanta za ta gyara har ta yi godiya.

Bargon ya ishe ku ku biyu. A rubuta sunan wadda ta saƙa, a mayar da maganar hayaƙin murhu, don wannan ba wanda ya musa ta.

Ki auni alkamar ɗanya, ki kai mata da hannunki, ki janye kalmar nan ta ɓarauniya. In ta karɓi kwanon, kin sami amsarki. Allah ya sa ku tsaya a kabarin tare.

Inna Veselina