Awa Huɗu a Kan Benci

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Ya aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya, sai dai Mama har yanzu ba ta cin abincin kirki.

Ka ce a waya in daina ɗaga murya, shi ya sa na zauna na rubuta. A takarda ba ka da damar katse ni.

Asibiti sun aiko da katin gayyata. Wai ranar Asabar za su karrama Kaka, su rataye hotonta a ƙofar ɗakin jinyar mata, saboda shekara ashirin da shida da ta yi tana hidima kyauta. Kawu ya karɓi katin hannu bibbiyu, har ya kai kayansa guga. Ya ce ni zan yi magana a madadin jikoki.

Ba ka nan ranar da ta rasu, kuma kowa ya rufe ka, to bari ka ji. Da ciwon ƙirji ya kama ta da safe, ni na kai ta. Asibitin nan dai da take zuwa sau biyu a mako da flas ɗinta da sabulu da tawul, ta yi wa waɗanda danginsu suka yasar wanka, ta tsefe musu kai, har sunanta ya ɓace, kowa sai Mai Ruwan Zafi. Mai yankan kati sabo ne, bai san ta ba. Ya ba mu lamba, ya nuna mana benci. Awa huɗu muka yi a kan bencin nan, Yaya. Sau uku ina zuwa wajen nas ɗin bakin ƙofa, sau uku tana cewa in bi layi, idonta a kan waya. Lokacin da aka kira lambarmu, kan Kaka na bisa kafaɗata. Na ɗauka barci take yi.

Matar da ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ta ɗinka mana kayan makaranta da hannunta, ta yi sati biyu a bakin gadonka da ka karya ƙafa, tana tsokanarka wai angonta ya zama gurgu, za ta canja miji. Ita ce aka bari a baranda kamar kayan da ba mai shi. Yanzu kuma hoto? Kai ma kana cewa in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma ƙaddara ba ta hana mutum ɗaga kai daga waya ba.

Zan je taron. Kada ka kira ni kafin nan.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma murar ƙaramin ta sake shi.

Na san Kawu ya riga ni kawo ƙara. Gaskiya ne, na faɗa. Bayan shugaban asibitin ya gama karanta yabon da wani ya rubuta masa, har ya kuskure yawan shekarun, aka miƙo min lasifika. Na ba da labarin bencin tun daga yankan kati har kiran lamba. Kawu ya dinga jan mayafina, Mama ta buge masa hannu a gaban jama'a. Shugaban ya ce za a bincika. Na ce masa bencin yana nan ƙasa cike da mutane, ya sauka ya fara binciken yanzu. Bai sauka ba.

Amma akwai abin da ban faɗa ba, ko Mama ba ta sani ba. Bayan an watse, shugabar nas-nas, wata dattijuwa ƙawar Kaka, ta tare ni tana kuka. Ta ce ranar tana saman bene, me ya hana ni hawowa in kira ta? Yaya, na tashi zan hau. Kaka ce ta damƙe min hannu, ta nuna min wata mai goyo da ke gabanmu, ta ce ba za a tsallake kowa saboda ita ba, in zauna. Na zauna. Tafiyar minti biyu ce, amma na zauna, don ban taɓa yi mata musu ba.

To ka ga da wa nake fushi. Da nas ɗin, da Kawu, da kai da kake nesa, da kaina. Kuma Allah ya yafe min, da ita ma. Ta tausaya wa kowa a layin nan ban da ni da ta bari da wannan nauyi.

Ina shirin fita mai shara ta ja ni gefe. Ta ce akwai wata tsohuwa a gadon ƙarshe na ɗakin matan da kullum take tambayar Mai Ruwan Zafi, an yi taro da jawabi amma ba wanda ya shiga ya gaya mata ta rasu. Na shiga na gaya mata. Sai ta ce in juya ta, bayanta ya gaji. Na juya ta, ta yi min tsawa wai hannuna ba shi da tausayi, kamar mai juya buhu. Ta ce in dawo gobe ta koya min.

Ban yafe wa kowa ba tukuna, kada ka ɗauka na huce. Amma na ce wa tsohuwar to.

Ka yi wa Kaka addu'a. Ni har yanzu in na ɗaga hannu, faɗa nake fara yi mata.

Ƙanwarka,
Auta