Muryar Kaka Winifred

London, farkon Maris

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina nan lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Ina fata Desmond yana leƙo ki kamar yadda ya yi mini alkawari, don na san halin ɗan'uwan nawa.

Mama, na rubuto ne domin na ɗauki waya sau da yawa na ajiye. Ban samu aikin ba. Ba ni ce zan fito a matsayin Kaka Winifred ba.

Na san kin gaya wa duk 'yan coci cewa za a yi fim ɗin talabijin a kan ambaliyar da ta ci Holmfleet, kuma jikar matar da ta kutsa cikin ruwa har ƙirji ta kaɗa ƙararrawar coci don tada mutane ita ce za ta fito a madadinta. Ki yi haƙuri da kunyar da za ki sha ranar Lahadi.

Gwajin kansa ya yi kyau. Matar da ke zaɓen 'yan wasa, Fenella, har hawaye ta share da na gama. Ta ce a ina na koyi maganar mutanen bakin teku haka sak? Na ce a kicin ɗin matar da nake kwaikwayo, mahaifiyar uwata ce. Ta yi dariya ta ce abin ban sha'awa, sannan ta ce, "To amma asalinku fa, daga ina?" Na ce daga bayan gonar kabejin Tuxford. Ta sake yin dariya, ta ɗauka barkwanci nake.

Gideon, wanda ke nemo mini aiki, shi ya kira ya yi mini bayani. Wai masu sayen fim ɗin a ƙasashen waje Ingila irin ta jikin gwangwanin biskit suke so su gani, da farar fata da jan kumatu. Kuma wai sun riga sun ba wani yaro baƙi matsayin likitan ƙauye, don haka ta wannan ɓangaren sun cika. Wata 'yar Ostireliya mai suna Tegan suka ɗauka. Ni kuma suna so in koya mata maganarmu.

Na ce to. Gideon yana jira in yi faɗa. Ni ma na jira. Shekara talatin ina fitowa a nas, ko uwar yaron da 'yan sanda suka kama, ko baƙuwa mai karyayyen Turanci, ina jin wurin da fushin yake zama ya ƙare. Na ajiye wayar na wanke kwanuka.

Ki gaishe mini da Misis Tuxford.

'Yarki,
Philippa

Wurin ɗaukar fim, tsakiyar Mayu

Mamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗi da likita ya canza miki magani. Yaya lambun? Wake ya fito?

Don Allah kada ki rubuta wa jarida, kada kuma ki karɓe rigar ruwan Kaka da kika ara musu. Na san Kaka farar fata ce, ke ma haka, ni kuma baƙar fatar Baba na ɗauko. Ba na musun wannan. Sai dai ita da bakinta take cewa duk cikin jikokinta ni na ɗauko haɓarta da taurin kanta, tana faɗa tana yi mini wannan mugun kitson nata da Baba yake kwancewa idan ta tafi gida.

Ba a Holmfleet ake aikin ba. Sun je sun duba, suka ce shagon gasasshen naman Mista Yilmaz da kantin 'yan Poland sun ɓata wurin, bai yi kama da Ingila ba. A wani fili suka gina ƙauye na katako, da furanni a kowace taga. Da Kaka tana da rai ta gani, da ta tambaya wa ke da lokacin ban ruwa.

Tegan yarinyar kirki ce, abin da ya fi wuya ke nan. Tana kawo mini shayi da kanta, tana rubuta duk abin da na faɗa. Na koya mata yadda Kaka take haɗiye ƙarshen kalma, da yadda take kiran kowa "agwagwata", har limamin coci. Ran nan ta tambaye ni ko ina jin haushinta. Na duba cikina da gaske, na ce mata a'a. Sai ita ta fashe da kuka, ni na riƙa lallashinta.

Yaron da aka ba likita, sunansa Lennox, shi yake shan wahala. Tun da hotonsa ya fita ake zaginsa a intanet, wai yana ɓata musu tarihi, wai ya koma inda ya fito. Yana karanta mana a wurin cin abinci yana dariya. Ya ce mini, "Anti Pip, ki ga ikon Allah. Ni da ban taɓa ganin saniya ba sai a jikin kwalin madara, ni ne ɗan ƙauye. Ke da kike warin kabeji an ɓoye ki bayan kyamara." Na ce ya rufe mini baki ya ci dankalinsa. Kamfanin ya fitar da sanarwa cewa suna alfahari da shi, amma sun rage masa fitowa biyu.

Ina cin abinci, ina barci. Kada ki damu.

Taki,
Philippa

London, ƙarshen Satumba

Mamata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Desmond ya ce kin fara fita ba sanda, na yi murna. Ki dai bi a hankali a kan matakalar coci.

An gama aikin, amma makon jiya suka sake kirana. Da suka zauna haɗa fim ɗin, sai suka ga wurin ƙararrawar bai yi ba. Tegan ta ja igiyar da kyau, fuskarta ma ta yi, amma da ta ɗaga murya tana kiran sunayen mutanen ƙauye su tashi su hau tudu, sai harshen garinsu ya dawo mata. Ga shi ta koma Ostireliya tana wani aikin. Fenella ta tambaya ko zan taimaka.

Suka sa ni a wani ɗan ɗaki da safe, ga fuskar Tegan ta cika bango, ruwa yana zuba a kan rigar Kaka. Aka ce in bi leɓenta, za a ɗora muryata a maimakon tata. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, Mama. Na kira Arthur Tuxford, na kira 'yan gidan Maltby, na kira ki, kina jaririya a saman kabad inda ta ajiye ki. Ban san muryar tana nan ba sai da ta fito. Mutumin da ke naɗar sautin ya cire abin kunnensa ya ajiye. Darakta ya ce sau ɗaya ya isa. Daga nan suka ce tunda na zo, in maimaita musu sauran maganganunta ma, don muryar ta zama ɗaya. Na yi, har zuwa azahar.

Sun sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, domin suna sa ran Tegan za ta samu lambar yabo. Sunana zai fito a can ƙarshe, a cikin masu koyar da lafazi. Ke kaɗai na gaya wa, ko Desmond bai sani ba.

Da na fito na tsaya a bakin titi ina jira in ji wani abu. Maƙogwarona ne kawai yake zafi. Na sayi kifi da dankali na cinye a tashar jirgi.

Za a nuna shi kafin Kirsimeti, na kuma ji za a sa babban allo a zauren ƙauye. Ki je, Mama, ki sa rigarki mai kyau, ki zauna a gaba. Ni ba zan zo ba, amma zan zo miki washegari. Idan tsofaffin suka kewaye ki suna cewa yarinyar nan ta Ostireliya ta yi muryar Winifred kamar ta tashi daga kabari, ki ce musu haka ne, ta yi.

Ki huta lafiya. Allah ya bar mini ke.

'Yarki mai ƙaunarki,
Philippa Braithwaite