Yadda Hoyt Ya Kori Gwamna Daga Gidan Mama

Marion, Alabama
3 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Thurman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Rosalind da yara. Ubangiji ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya ba ku haƙurin ruwan Tacoma da ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mama ta cika casa'in da ɗaya, matan coci sun kawo mata kek, ta cinye yanka biyu sannan ta ce sukari bai ji ba. Kuɓewata ta yi kyau bana, tumatir kuwa tsutsa ta gama da shi. Ƙanwarmu Arlette ma tana nan ƙalau, in ka ɗebe mijin da ta kwaso mana. Shi ne dalilin wannan wasiƙa, don na san za su kira ka cikin satin nan, kuma ina so ka ji daga bakina kafin ya cika maka kunne.

Gorunan da Baba ya rataye wa tsattsewa a kan falwayar bayan gida suna nan, duka ashirin da huɗun. Bana ma tsuntsayen sun dawo tun watan Fabrairu, suka cika goma sha tara. Gwamna shi ma yana nan, tsuntsun nan mai kwaikwayon kukan kowa, wanda Mama ta raɗa wa sunan saboda ba ya zama sai a ƙololuwar falwaya. Na san ba shi ne na zamaninmu ba, jikan jikansa ne, amma hali bai canza ba. Shekara hamsin muna kallon zamansu. Tsattsewa su kwana a gora, shi da matarsa su yi sheƙa a 'yar bishiyar nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya ta gefen baranda. Su suna kama abincinsu can sama, shi yana tsintar nasa a ciyawa. Wani lokaci ya hau ya kwaikwayi kukansu har su fusata su bi shi, bayan minti biyu kowa ya koma harkarsa. In kuwa shaho ya ɓullo daga bakin daji, sau da yawa Gwamna ne ke fara ihu, sai gaba ɗaya su tashi su yi masa taron dangi. Baba bai taɓa shiga tsakaninsu ba, mu ma haka.

Sai ga Hoyt, mijin Arlette ɗin. Tun da ya bar sayar da inshora a Birmingham suka tare a ɗan gidan bayan lambu, wai za su taimaka da Mama. Har yau ban ga ya ɗauke mata kofin shayi ba. Mutumin da bai iya bambanta kaza da zabo ba, ya je ya sayo madubin hangen nesa da wata hula mai faɗin faranti, ya shiga wata ƙungiya a waya, cikin sati biyu ya zama masanin tsuntsaye. Wata safiya ya tare ni ina shanya, ya ce, "Yaya Verlene, wancan mai surutun shi ke hana tsattsewar nan sakewa. Na karanta." Na ce a ina. Ya ce a waya. Na ce, "To ka tambayi wayar shekara nawa ta yi tana share kashinsu a barandar nan." Ya yi murmushin nan nasa na wanda ke tausaya wa jahili, ya ce ai ilimi ya ci gaba.

Amma kada ya ruɗe ka da maganar ilimi, ga ainihin abin da ya faru. Wata Lahadi a watan Mayu fasto ya zo cin abincin rana, na soya kaza na gasa burodin masara. Bayan an ci, Hoyt ya ja faston waje zai nuna masa abin da ya kira "tsuntsayena". Ya cire hula yana nuni da ita, ya je ya tsaya dab da bishiyar ƙaya, alhali akwai 'yan ƙyanƙyasa a sheƙa. Gwamna ya sauko masa a tsakiyar sanƙo. Sau uku, Thurman! Ƙaton namiji ya yar da madubi ya zura da gudu yana kiran, "Arlette! Arlette, fito!" Fasto ya juya baya yana tarin ƙarya, Mama kuwa ta yi dariya har haƙoranta na roba suka zame. Tun daga ranar Hoyt ya ƙulli tsuntsun da bai kai nauyin cokali ba.

Talatar da ta biyo baya na kai Mama garin Selma a duba mata ido. Da muka dawo, kututture muka tarar. Hoyt ya aro injin yankan itace ya kwantar da bishiyar ƙayar, wadda Mama ta dasa da hannunta shekarar da aka haife ka. Sheƙar tana ƙasa, 'ya'ya huɗu a warwatse, tururuwa ta riga ta same su. Iyayen suna kan wayar lantarki suna wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Hoyt yana tsaye da gumi yana jiran yabo, Arlette kuma tana ɗaki ta ƙure talabijin don kada a ce ta ji. Na ce masa, "Kai yanzu ka ji daɗi? Ka rama?" Ya ce ba ramuwa ba ce, gyara ne, nan gaba zan gode masa. Mama ta dafa ni muka shiga, daren nan ba ta ci abinci ba. Bayan kwana biyu Gwamna da matarsa suka ƙaura can wajen maƙwabta, bayan gidanmu ya yi shiru.

Ba a yi kwana goma ba shaho ya gane. Da can kafin ya fito daga daji an riga an ga shi. Yanzu sai ya lallaɓo ta bayan rumbu, ƙasa-ƙasa, lokacin da 'ya'yan tsattsewa suka fara leƙo kai daga gora. Ranar farko ya ɗauke ɗaya a idona. Washegari ya dawo, haka ma rana ta uku. Na ce wa Hoyt ga gyaransa nan. Ya ce wannan ba shi da alaƙa da wancan, amma kada in damu, ya san magani. Maganin shi ne wata ƙatuwar mujiya ta roba mai ido rawaya, wadda ya hau tsani ya ɗaure a saman falwaya da safe, ina kasuwa. Wai shaho zai ji tsoro. Shaho ko a jikinsa. Tsattsewar ce ta firgita. Iyaye suka yi ta shawagi a sama suna kuka, suka ƙi sauka, ga rana kamar wuta. Kafin in dawo in sa shi ya kwance abin, ƙananan da yunwa da zafi suka gallaba sun fara faɗowa. Bakwai na tsinta a ciyawa. Biyu na mayar gora, biyar sun mutu. Ya tsaya a kaina yana cewa wataƙila ba a daidai kusurwa ya ɗaura ta ba.

Yanzu ga abin da za su kira ka a kai. Hoyt yana so a sauke gorunan Baba a kafa wani gidan tsuntsu na ƙarfe da ya gani a waya, yana kuma so mu uku mu yarda a rubuta shi a matsayin mai kula da gida da gona, tun da wai ni na tsufa, kai kana nesa. Arlette za ta yi maka kuka, ka san ta. Ka bar ta ta gama, sannan ka ce a'a. Mutumin da tsuntsu ya tsaga wa kai ya sare bishiyar shekara sittin, ka yi tunanin abin da zai yi ranar da Mama ta ɓata masa rai.

Shekaranjiya Mama ta sa na kai ta wurin masu sayar da shuka, ta zaɓi irin bishiyar, ƙarama, ba ta wuce gwiwata ba. Da muka dawo ta zauna a kujerarta mai lilo da shayinta mai ƙanƙara, ta ce in kira mata "mijin Arlette", don har yau ba ta kama sunansa. Ta nuna masa shebur da sandarta, ta ce, "Bawan Allah, tun da ka iya sarewa, bari mu ga ko ka iya dasawa." Ya fara cewa ai da yamma ya fi, ta ce yanzu. Da tsakar rana ya haƙa ramin. Ta ce ya matsa hagu. Ya haƙa na biyu, ta ce bai yi zurfi ba. A na uku ta yarda, lokacin rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na ji daɗin kallonsa, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban tuba ba tukuna.

Bayan ya tafi na zauna kusa da ita ina dariya, na ce nan da 'yan shekaru Gwamna zai dawo ya yi sheƙa. Ta daɗe tana kallon shukar, sannan ta ce, "Ku za ku gani, Verlene. Ni na gama ganin nawa." Ta kuma tambaye ni sati nawa ya rage tsattsewa su tashi, su yi ƙaurarsu ta shekara. Na ce kamar huɗu. Ta ce, "To ki gaya wa Thurman."

Na gaya maka. Ɗakinka a share yake.

Ka gaishe da Rosalind, da Delphine da mijinta, da Marcellus, ka shafa mini kan jaririyar. Inna Ozella da mutanen coci duk suna gaishe ku. Ubangiji ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Verlene