Kwalayen Maganin da Ba Ka Buɗe Ba

Malam,

"Daga gobe ba zan sake tsallake magani ba." Ka tuna? A gaban likita ka faɗa, har da dafa ƙirji. Assalamu alaika duk da haka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma takardar asibiti ma ba ka taɓa karantawa ba, don haka ba sabon abu ba ne.

Jiya na kwashe kayanka. A ƙasan akwatin rigunan Juma'a na tarar da kwali bakwai na maganin hawan jini, ko ɗaya ba a ɓare ba. Kai da ka yi shekara ashirin kana koyar da kimiyya! Ka bar ƙwayar da aka auna, ka koma wa jarkar jiƙon da wani mai lasifika ya sayar maka a kasuwar Juma'a, wanda ya ce tana maganin basir, ciwon baya da zuciya a lokaci guda.

Likita bai ɓoye maka komai ba. Ya ce hawan jini ba ya sallama. Yana iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Kitse yana iya toshe jijiyoyin zuciya. Zuciyar tana iya gajiya, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Ya ce ka rage gishiri da kitse, ka bar taba, ka riƙa tafiya da ƙafa, ka riƙa zuwa awo. Kai kuwa masallacin ƙofar gida ma a babur kake zuwa.

Ni ma ina da nawa laifin. Ranar da ka ture kwano ka ce miyata ta zama ta 'yan asibiti, na koma zuba gishiri da ɗunƙule yadda kake so, don a zauna lafiya. To, ga zaman lafiyar, ina takaba.

Ga labarin gida. Hajiya babarka tana can Utai tana gaya wa masu gaisuwa iska ce ta buge ka a hanyar gona. Sauran jarkar kuma ta aiko wa ɗanmu Nasiru, don ya fara ciwon kai irin naka. An auna shi a kemis, jininsa ya hau. Ya ƙi asibiti, wai maganin Baba ya ishe shi. Ka ga gādon da ka bar masa?

Wata guda ke nan da rasuwarka ina rufa maka asiri. Saura kwana tara a yi addu'ar arba'in. Idan kafin ranar Nasiru bai kawo mini katin asibiti na gani da idona ba, zan shimfiɗa kwalayen nan bakwai a tabarma gaban Hajiya da dukan dangi, in faɗi sunan abin da ya kashe ka. Su ce ba ni da kunya. Na riga na ba da miji, ba zan ƙara da ɗa ba.

Allah Ya gafarta maka. Ni tukuna.

Matarka,
Binta