Kada A Buga Ganga A Gonata

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ruwa? Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan Fatakwal sai godiya.

Jiya wani direban garinmu Sheme ya ce mani ranar Asabar za ku yi mani gayya a gonata ta bakin daji, har da makaɗa, mata da yara su kai fura. Na kasa cin abinci. Lokacin da ake zaman lafiya na roƙa, ba wanda ya ɗaga fartanya. Na san zumunci kuke nufi, na gode. Amma Yaya, har maɓoyar 'yan bindiga ake jin ganga. Ku bar wa ciyawa gonar, ɗiyana da na bari wurinku kada su taka wurin.

Gaida Liman, a sa mu addu'a.

Ƙaninka, Haruna